Yadda rahoton ciniki zai riƙa nuna kwana 30 na baya da kansa

"Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun kwamfuta a Ƙaura Namoda, yanzu ina taimaka wa kawuna a shagonsa na taki da maganin feshi a Gusau, muna kuma da reshe a Talatar Mafara. Na haɗa masa 'yar manhaja da PHP da MySQL, duk cinikin da aka yi yana shiga teburin ciniki da ranarsa da lokacinsa. Kawu yana so kullum ya buɗe ya ga cinikin kwana 30 na baya, ba sai na zo na sauya kwanan wata da hannu ba. Na rubuta WHERE lokaci BETWEEN DATE_SUB(CURDATE(), INTERVAL 30 DAY) AND CURDATE(), sai cinikin yau ya ƙi fitowa. Na koma DATEDIFF(CURDATE(), lokaci) <= 30, na yau ya fito, amma jimlar ta haura ta littafi, shafin kuma ya yi nauyi. Ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa kawu kasuwa. In na fahimce ka, abu uku kake nema lokaci guda: rahoton ya riƙa matsawa gaba da kansa kowace safiya, jimlarsa ta zo daidai da littafin shago, ya kuma buɗe ba tare da jan ƙafa ba. Umarni biyun da ka gwada kowanne da irin ciwonsa, za mu duba su. Amma akwai maganar da sai kun zauna da kawu kun yanke ta tukuna, domin MySQL, wato manhajar rumbun da ke ajiye bayanan cinikin, ba zai yanke muku ba.

Kwana 30 daga yaushe zuwa yaushe?

A ce yau 30 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma. Idan kawu ya ce "cinikin kwana 30", yana iya nufin daga safiyar 1 ga Yuni har zuwa wannan lokacin da muke magana, wato yau ma tana cikin lissafi duk da ba ta ƙare ba. Yana iya nufin cikakkun kwanaki 30 da aka riga aka rufe shago a kansu, daga 31 ga Mayu zuwa jiya. Akwai kuma ma'anar da masu rubuta manhaja ke faɗawa ciki ba da niyya ba idan suka yi amfani da NOW(), mai ba da rana da lokacin da ake ciki: awa 720 cif, daga ƙarfe 4 na yammacin 31 ga Mayu zuwa ƙarfe 4 na yau. Jimla uku ke nan mabambanta, kuma ba wadda za a ce ƙarya ce.

Ta ukun nan ka guje mata a rahoton shago. Tana da amfani wajen sa ido kan na'ura, kamar a ce sau nawa saba, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, ta ba da kuskure cikin awa 24. A ciniki kuwa rikici take kawowa. Kawu zai buɗe da safe ya ga adadi, ya sake buɗewa bayan la'asar ya ga ya ragu alhali ba wanda ya dawo da kaya, saboda cinikin safiyar ranar farko ya zame ya fita daga bakin baya. Ka tsaya yi wa dattijo bayanin wannan, ka ga yadda zai kalle ka.

Ni a aikin da nake yi wa masu shaguna da masu injin casar shinkafa, ta biyun nake fifitawa. Cikakkun kwanaki zuwa jiya adadi ne da ba ya motsi daga safe har dare, shi ne kuma ake iya ajiyewa gefen littafi a gwada. Cinikin yau sai in ba shi gurbinsa daban a saman shafi. Amma idan kawu ya dage sai an haɗa da yau, ba laifi, ga yadda ake rubuta kowanne.

Cikakkun kwana 30 zuwa jiya:

WHERE lokaci >= CURDATE() - INTERVAL 30 DAY
AND lokaci < CURDATE()

Kwana 30 har da yau:

WHERE lokaci >= CURDATE() - INTERVAL 29 DAY
AND lokaci < CURDATE() + INTERVAL 1 DAY

Lura da 29 ɗin nan. Yau ita kanta kwana ɗaya ce, saura 29 a baya. Ka lura kuma da alamomin: bakin farko yana ciki, bakin ƙarshe ba ya ciki. Wannan tsarin shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa maka.

Abin da ya haɗiye cinikin yau

CURDATE() kwanan wata kawai yake bayarwa, babu awa. Gurbinka kuwa, wato ginshiƙin teburin da ka sa wa suna lokaci, na ɗauke da rana da lokaci. Idan MySQL zai gwada su, sai ya cika wa kwanan watan lokaci da kansa, ya mai da shi 00:00:00, wato sha biyun dare, farkon ranar. Saboda haka umarninka na farko cewa yake: kawo min komai har zuwa sha biyun daren da ya shigo da yau. Buhun takin da aka sayar ƙarfe 9 na safe ya riga ya wuce wannan iyakar, shi ya sa bai fito ba. Ka ga ashe ba ka yi nisa da daidai ba: abin da ka rubuta kusan shi ne cikakkun kwana 30 zuwa jiya. Aibinsa ɗaya, BETWEEN na haɗawa da baki biyun duka, don haka cinikin da ya faɗo daidai kan 00:00:00 na yau zai shiga rahoton da ya kamata ya tsaya a jiya, ya kuma shiga cinikin yau. Kar ka ce wa ke ciniki tsakar dare. Duk bayanan da aka kwaso daga Excel da kwanan wata kawai, babu awa, kan 00:00:00 suke zama gaba ɗayansu.

Za ka ga wasu na magance wannan da liƙa 23:59:59 a bakin ƙarshe. Yana aiki har ranar da wani ya mai da gurbin ya riƙa ajiye ɓarin daƙiƙa, sai abin da ya shigo a rabin daƙiƙar ƙarshe ya ɓace. A SQL Server ma abin ya fi haka ban haushi: tsohon nau'in datetime ɗinsa idan ka ba shi 23:59:59.999 sai ya cike shi zuwa sha biyun daren gobe. Cewa "ƙasa da farkon gobe" ya raba ka da duk wannan.

Wani tarkon da na ga ya kama mutane da yawa a MySQL shi ne barin kalmar INTERVAL. Idan ka rubuta CURDATE() - 29, ba kwana yake cirewa ba. Mai da kwanan watan yake yi lamba, 20250630, ya cire 29, ya ba ka 20250601. Ka gwada a ƙarshen wata ka ga ya yi daidai, ka tafi gida. Ranar 5 ga Yuli sai ya ba da 20250676, ranar da ba ta cikin kalandar kowa. A PostgreSQL dai CURRENT_DATE - 29 daidai ne, kwana yake cirewa, daga can mutane ke kwaso ɗabi'ar.

Dalilin haurawar jimla da nauyin shafi

DATEDIFF na MySQL ba ruwansa da awa, ranaku kawai yake ƙirgawa, shi ya sa na yau ya fito: tazararsa 0 ce. To daga 0 zuwa 30 lamba 31 ce. Kwana guda ka ƙara ba ka sani ba, kuma a tsakiyar damina cinikin taki na kwana guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akwai ƙofa ta biyu da ka bari a buɗe. Idan yaron shago ya buga 2052 maimakon 2025, tazarar za ta zama ƙasa da sifili, ƙasa da sifili kuwa ai ya cika sharaɗin kada ya wuce 30. Wannan rasit ɗin zai zauna cikin kowane rahoto shekara 27. Ka nemi duk layin da lokacinsa ya wuce NOW() a teburinka, ina kyautata zaton za ka samu.

Nauyin kuma daga fihirisa yake. Fihirisar da ke kan gurbin lokaci kamar littafin rasit ce da aka jera bisa kwanan wata: mai neman 1 ga Yuni zai buɗe wurin kai tsaye ya karanta zuwa gaba. Da ka kunsa gurbin cikin DATEDIFF, ka tilasta wa MySQL ya ɗauki kowane layi tun ranar da aka fara amfani da manhajar, ya yi masa lissafi, sannan ya ga ko ya shiga. Haka DATE(lokaci) da MONTH(lokaci) da YEAR(lokaci) suke yi idan suna cikin WHERE. Ƙa'idar da nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni ita ce: gurbin tebur ya tsaya shi kaɗai a hagu, duk wani lissafi a yi shi a dama, kan iyakar. Iyakar sau ɗaya ake lissafa ta, layuka kuwa dubbai ne.

Ka sa EXPLAIN a gaban umarninka ka duba gurbin type. Idan ka ga ALL, tebur duka ake karantawa. Idan ka ga range, fihirisa na aiki. In ma babu fihirisar tun farko:

CREATE INDEX idx_lokaci ON ciniki (lokaci);

Tunda kuna da reshe biyu, kuma na san kawu zai so ganin na Mafara daban, ƙara wata kan (reshe, lokaci), reshe a gaba. Gurbin da ake tacewa da alamar daidai shi ke fara zuwa, na tazara ya biyo baya. Idan teburin bai yi girma ba, ko kwana 30 ɗin su ne kaso mai yawa na abin da ke ciki, MySQL na iya ƙin fihirisar ya karanta komai don ya ga hakan ya fi sauƙi. Wannan ba matsala ba ce.

Duk wannan na faɗa ne bisa zaton gurbin lokaci DATETIME ne ko TIMESTAMP, tunda ban ga teburinka ba. Idan VARCHAR ne kake zuba masa 05/03/2025, to a nan gyara zai fara. Rubutu harafi-harafi ake gwada shi, don haka 30/05/2025 zai zo bayan 01/06/2025. Ka ajiye kwafin rumbun bayanan tukuna, ka buɗe sabon gurbi, ka juye da STR_TO_DATE sau ɗaya. Ka yi hattara da abin da ya fito daga kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, mai sa wata kafin rana. Ranakun 13 zuwa 31 za su tona kansu don babu wata na 13. Na 1 zuwa 12 kuwa shiru za su juye, 5 ga Maris ta koma 3 ga Mayu.

Agogon wa ake bi?

CURDATE() agogon saba yake dubawa, ba na bangon shago ba. Idan manhajar na kan kwamfutar shago, ka tabbata kwananta daidai ne, musamman tsohuwar da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu, wadda duk aka ɗauke wuta sai ta farka a wata shekara. Idan kuma ka ɗora ta a intanet, yawancin sabobin haya kan UTC suke, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma awa ɗaya muke gaba da shi. Ƙarfe 12:30 na dare a Gusau, a wurin sabar 11:30 ne na jiya. Gudanar da wannan ka gani:

SELECT NOW(), UTC_TIMESTAMP(), @@session.time_zone;

Shagon taki ba ya ciniki a wannan awar, amma kuɗin da aka turo ta banki ba su san dare ba, kuma a goman ƙarshe na azumi masu sayar da yadi da takalma har ɗayan dare suna buɗe. Idan gurbinka TIMESTAMP ne, abin da sauƙi: MySQL a UTC yake ajiye shi, ya juya maka shi zuwa lokacin da ka saita, don haka ka sa SET time_zone = '+01:00' duk sanda manhajar ta haɗu da rumbun. DATETIME kuwa abin da aka ba shi yake riƙewa, ba ya juya komai, sai ka bincika da wane agogo PHP ke rubutawa. In da UTC ne, iyakar za ka juya da CONVERT_TZ, ba gurbin ba: sha biyun darenmu shi ne 23:00 na jiya a UTC. Mun ci sa'a Najeriya ba ta matsar da agogo da sauyin yanayi kamar Ingila da Amurka, saboda haka '+01:00' ya ishe ka duk shekara. Sunan Africa/Lagos ma yana aiki, amma sai an loda teburan yankunan lokaci a MySQL, in ba haka ba CONVERT_TZ zai dawo maka da NULL ba tare da ya yi ƙorafi ba, rahoto ya fito wayam.

Abin da na fi so a aikace shi ne in lissafa iyakokin biyu a cikin PHP, in miƙa su ga umarnin a matsayin ƙima. Amfaninsa, ranar da kawu ya ce "ranar Litinin ba haka na gani ba", za ka iya cewa manhajar ta ɗauka yau Litinin ce, ka sake fito da rahoton. Da CURDATE() a cikin umarni ba ka da wannan damar.

Me ya sa 30, ba 28 ba?

A nan zan ɗan sa baki a abin da ba ka tambaya ba. Kwana 30 mako huɗu ne da kwana biyu. Ke nan a kowane rahoto akwai ranaku biyu na mako da suka zo sau biyar, sauran sau huɗu. A birni wannan ba ya cika damun kowa. Amma reshenku na Mafara da ranar kasuwa yake rayuwa. Yau rahoton na ɗauke da Talata biyar, jibi ya koma huɗu, jimla ta faɗi warwas, kawu ya ɗauki waya ya fara tuhumar yaron da ke can, alhali ba abin da ya sauya. Kwana 28 ko da yaushe Talata huɗu ne, Juma'a huɗu. Duk inda ciniki ke bin kasuwar mako, 7 ko 14 ko 28 nake ba da shawara. Ka sa adadin kwanakin ya zama abin zaɓa a shafin, ka nuna masa duka biyun na ɗan lokaci, zai gane da kansa.

Kar kuma ka ce bari ka sa INTERVAL 1 MONTH ka huta. Tsawonsa na sauyawa daga 28 zuwa 31, kuma daga 29 da 30 da 31 ga Maris duk kan 28 ga Fabrairu yake sauka a shekarar da ba ta da 29.

Da zarar rahoton ya fara aiki, tambaya ta gaba ita ce: mun ci gaba ko mun ja baya? Gwada Yuni da Mayu a harkar taki ba ya gaya maka komai sai cewa ruwa ya sauka. Haka lokacin da manoman rani na madatsar ruwan Bakolori suka fara saye. Da bara ake gwadawa, kuma ka ja iyakokin biyu baya da kwana 364, mako 52 cif, domin Talata ta faɗa kan Talata. Ga kayan da ke bin azumi da salla wannan ma bai wadatar ba. Azumin 2024 ya kama a Najeriya ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris. Tunda sanarwar Sarkin Musulmi ake jira ba lissafin na'ura ba, ni ƙaramin tebur nake buɗewa in rubuta ranakun da hannu kowace shekara, rahoto ya ɗauki iyakokinsa daga can.

Idan kuma wata rana ka so zana jadawalin da kowace rana ke nuna jimlar kwana 7 da suka gabace ta, MySQL 8 na da hanya. Ka fara tara cinikin kowace rana a layi ɗaya, sannan:

SUM(jimla) OVER (ORDER BY TO_DAYS(rana)
RANGE BETWEEN 6 PRECEDING AND CURRENT ROW)

RANGE za ka sa, ba ROWS ba. ROWS layuka yake ƙirgawa, don haka idan an rufe shago kwana biyu na salla babu layinsu, zai miƙa hannu baya ya ɗauko kwana 9 ya kira su 7. Ka kuma kwaso kwana 36 ko da 30 za ka nuna, in ba haka ba ranakun farko shida za su fito da jimla ragagga.

Cinikin da ya iso a makare

Ko ka gyara duk abin da ke sama, akwai inda wannan rahoton ba zai kai ka ba. Mu a Zamfara mun san abin da rashin sabis ke nufi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, kuma ko ba wannan ba, sabis a wajen Gusau yau akwai gobe babu. Idan yaron Mafara ya rubuta cinikin Talata a takarda sai Juma'a ya samu shigarwa, kuma gurbin lokaci da kansa yake ɗaukar lokacin shigarwa, to cinikin ya koma na Juma'a. Wanda ya makara a bakin iyaka kuwa zai shiga rahoton da ba nasa ba.

Gurbi biyu ake yi. Ɗaya ranar da aka yi cinikin, mai shigarwa ne ke zaɓa. Ɗaya lokacin da ya shiga rumbu, na'ura ce ke bugawa, ba mai iya taɓa shi. Rahoton kawu da na farko zai tace. Na biyun naka ne, da shi za ka ga wane rasit ne aka shigar bayan kwana goma da ranarsa, ko wanda aka mayar da shi baya don ya ɓuya a cikin watan da aka riga aka rufe. Ka hana gurbin farko zama fanko da NOT NULL, domin layin da ba shi da rana ba ya cika sharaɗin >= ko <, ba ya fitowa a kowane rahoto, kuma ba abin da zai sanar da kai.

Sakamakon wannan shi ne adadin makon jiya na iya ƙaruwa yau idan takardun Mafara sun iso, kuma daidai ne ya ƙaru. Ka gaya wa kawu tun yanzu. Lissafin da za a raba riba a kansa, ko a fitar da zakka, ko a biya dilan taki, a yi shi da ranakun da aka rubuta ƙarara, daga kaza zuwa kaza, bayan an tabbatar rassan biyu sun gama shigar da komai, a adana sakamakon a tebur nasa daban tare da ranar da aka rufe shi.